Shekarar da Buta Ta Kayar da Malam

Ruwan bana ya zauna da wuri. Tun ba a gama shuka ba ciyawa ta taso, amma a garinmu na nan tsakanin Bakori da Funtua yanzu ba wanda ciyawa ke hana wa barci. Da safe samari su goya tankin feshi su nufi gona, kafin azahar sun dawo suna wanke ƙafa. Ni kuwa ina kwance a tabarma a tsakar ɗaki, ƙafafuna a kan buhun masara, domin bayana yakan riga iska sanar da ni hadari ya haɗu. A haka nake shekaranjiya na ji autana Nasiru yana yi wa matarsa Rabi faɗa a tsakar gida. Tun da ta haihu take fama da baya.

"Kullum baya, kullum baya," in ji shi. "An kai ki asibiti, an yi hoto, likita ya ce bai ga komai ba. To me kuma kike so a yi miki?"

Na ji muciya ta ci gaba da juyawa a tukunya, ta juya ta tsaya, ta juya ta tsaya. Raina ya ɓaci. Wannan magana ta ba a ga komai ba na san ta sarai. Na taɓa jin ta a bakin maza masu gemu, a daminar da ta kusa raba mu da abincin shekara, lokacin Nasiru ko labarinsa babu.

Shekarar ta biyo bayan fari ne. Abin da muka girba da kaka bai kai rabin rumbu ba, ga ni da yara biyu ƙanana, ga ciki. Bazara ta yi tsawo, zafi ya yi zafi har guga na fitowa da taɓo. Malam Ɗanjuma, maigidana, ya ƙare bazarar nan yana kai taki gona a kan jaki, shi ke ɗora mangala shi ke saukewa. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce wash ba. A wurin gayya kuwa shi ake sa wa gaba, samari su yi ta haki a bayansa.

A zamanin nan gayya ce noma. Mai gona ya sa rana, a sanar a masallaci, maza su fito da fartanyoyinsu, mai ganga ya biyo baya, matar gida ta yi fura da tuwo wanda kowa zai ci ya ƙoshi. Wanda ya zo taka, kai ma dole ka je tasa. Kuma mai gona shi ke fara sara: ya sunkuya ya kama layin farko, sannan sauran su bi. Haka muka tarar, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ruwan shuka ya sauka, muka shuka dawa da masara a gonarmu ta bayan gida, wadda ta fara tun daga gindin danga. Tsiro ya fito gwanin sha'awa. Sai wata la'asar Malam ya sunkuya zai ɗauki buta ya yi alwala. Ruwan da ke cikinta ko rabi bai kai ba. Ina tankaɗe na ji ya ce, "Hajara, zo," da wata murya da ban san shi da ita ba. Na tarar da shi a sunkuye, hannu ɗaya a kan butar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya kasa miƙewa, ya kasa zama. Da ƙyar na kai shi ƙasa.

Da a ce daga kan ɗorawa ya faɗo, ko sa ya tunkuye shi, da gari ya cika gidanmu da sannu. Amma buta ce. Ba jini, ba kumburi, ba abin nunawa.

Na koyi ciwon nan kamar yadda ake koyon halin baƙon da ya ƙi tafiya. In zai tashi sai ya juya gefe, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya riƙe numfashi, ya bi bango a hankali. Zafin yakan tashi daga ƙugu ya bi ƙafar hagu har babban yatsa. Mutumin da ba ya tsoron sa mai faɗa ya koma tsoron atishawa: da ya ji tana zuwa sai ya rarumi ƙyaure, idanunsa su yi ja. Amma in ya samu ya miƙe, yana iya tafiya tsaye ƙyam har masallaci, fuskarsa lau, kuma yana cin abinci in ya samu. Sunkuyawa ce kawai ta gagara, noma kuwa gaba ɗayansa sunkuyawa ne.

Wanzami ya yi ƙaho, na yi gashi da ruwan zafi, na shafa man kaɗanya har hannuna ya gaji. Aka ɗauko maɗori daga wajen Ƙarfi, ya laluba gadon bayan tun daga wuya har ƙugu, ya ce, "Ƙashi lafiya lau. Ni dai ban ga komai ba." Gaskiyarsa ya faɗa, bawan Allah. Sai dai maganar ta riga shi fita daga gidan.

Aka shiga noman firi, wato noman farko bayan shuka. Gayya ta bi gayya, Malam bai je ko ɗaya ba, amma ana ganinsa a masallaci da ƙafarsa. Aka fara da wasa, ana ce masa wanda buta ta kayar. Daga baya wasan ya daina ba da dariya. Wata rana wansa, Yaya Haruna, wanda shi ke tsara ranakun gayya a garin, ya zo zaure. Ina bayan zana ina ji.

"Ɗanjuma, akwai manomin da bayansa ba ya ciwo? Ni nan da kake gani, kullum da shi nake kwana. In ka kama aiki jiki ya yi ɗumi, sai ya sake ka."

"Yaya, wannan ba irinsa ba ne."

"Kowa haka yake cewa. Mutane na magana, kuma ni ake kallo."

Abin da ya cuce mu ke nan. Kowa ya san ciwon baya, saboda haka kowa na ganin ya san na Malam. Na ciji leɓe a bayan zana, don matar ƙane ba ta sa wa wan miji baki. Amma a zuciyata na faɗa masa maganganun da har yau ban nemi gafararsu ba.

Kullum da hantsi nakan kifa turmi a gindin danga in taka in leƙa gona. Harƙiya da aya-aya sun rufe kunyoyi, masara ta fara rawaya tana miƙa wuya tana neman iska. Gonakin maƙwabta kuwa fes, baƙar ƙasa na sheƙi. A cikin gida muna kan tafasa da rama, ina barbaɗa ɗan gari don dai a ce an ci hatsi. Yara sun daina wasa da ƙarfi. Rumbu in ka leƙa sai warin ɓera, da dami ɗaya na dawa a ƙurya, wanda na yi niyyar in ja shi har masara ta nuna.

Wata safiya Malam bai dawo daga sallar asuba ba. Gari ya waye, na taka turmi na leƙa. Yana can cikin gona a kan gwiwoyinsa, yana jan jiki yana karta ƙasa da 'yar fartanya. Abin da ya nome bai fi faɗin tabarma ba. Ina kallo ya zo tashi, abu ya ƙi. Ya kwanta a gefe cikin raɓa, ya dafa ƙasa, ya dogara da ƙotar fartanya, ya koma. Ya waiga ko wani na ganinsa, ya sake gwadawa.

Akwai mai ganinsa kuwa. A kan turbar da ta ratsa gefen gonar wani dattijo ya tsaya, ya dogara da sanda. Nomau ne, Bamaguje, wanda gidansu ke can hayin rafi. Mun san shi da gaisuwa kawai, sai uwargidansa Kande da takan kawo mini daddawa. Ya tsaya yana kallo har Malam ya samu ya miƙe, sannan ya wuce abinsa. Na ji haushinsa ƙwarai. Na ce a raina, mutum na fama da kansa, kai ka samu abin kallo.

Masu wucewa gona su ma sun hango shi da fartanya. Kafin azahar magana ta zaga gari: ashe yana iya noman tasa gonar, ta mutane ce ba ya iyawa. Wannan rarrafen da ya yi don ya cece mu, shi ya ƙarasa ɓata shi a idon jama'a. Ya kuma kwantar da shi, sallah ma sai a kishingiɗe.

Da ya ɗan samu sauƙi ya ce mini, "Zan kira gayya."

"Da wane hatsin?"

"Da wanda ya rage."

"In ba su zo ba fa, Malam?"

Ya ce, "In ba a nome ta cikin makon nan ba, babu masara, babu dawa. Damin nan ba zai kai mu ko'ina ba. Gara mu sa shi inda ake sa rai."

Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma na san gaskiya ya faɗa. Aka sanar a masallaci. Yaya Haruna ya aiko cewa ya ji, sai dai bai yi alkawarin kowa ba. Ni kaɗai na sussuke damin nan, na sheƙe, na surfa, na daka, cikina na tokare da turmi. Duk saukar taɓarya ina jin kamar abincin 'ya'yana nake dakawa in watsa wa kaji.

Ranar gayya na gama tuwo da miyar kuka tun rana ba ta yi zafi ba, na dama fura a babbar ƙwarya na rufe da faifai. Ƙanshi ya cika gidan da ya daɗe bai ji ƙanshi ba. Yaran suka zo suka tsuguna a gaban akussa. Ƙaramar ta miƙa hannu, na buge shi, don ba a taɓa abincin gayya kafin ma'aikata. Ba ta yi kuka ba, ta dai kalle ni. Wannan kallon har yau yana nan tare da ni.

Hantsi ya ɗaga. Na taka turmi, ba kowa. Na sauka na gyara wutar da ba ta bukatar gyara, na sake takawa, ba kowa. Ba ƙarar ganga, ba muryar maza. Can gabas hadari ya fara yin baƙi, iska ta ɗauke, zafi ya danne gari. In ruwa ya sauka kafin a yi noman, ko ya sauka a kan ɗanyar ciyawa ta sake kamawa, tuwon nan ya tafi a banza.

Sai ga Yaya Haruna shi kaɗai, fartanya a kafaɗa. Ya yi sallama ya tsaya a bakin zaure.

"Suna can gindin durumi a ƙofar gari da fartanyoyinsu," in ji shi. "Sun ce su ga ka kama layin farko tukuna, tunda an gan ka rannan. Ka daure ka yi ko rabi ne, Ɗanjuma. Ka fitar da ni daga bakin mutane."

A nan na manta da ladabi. Na ce daga bayan zana, "Yaya, in ya sunkuya ba zai tashi ba."

"Hajara, da maza ake magana."

Malam ya juya gefe, ya dafa ƙasa, ya bi bango ya miƙe. Ya ɗauki fartanya bai dube ni ba. Na ruga na taka turmi. Suka zagayo bayan danga, kusa da ni har ina jin numfashinsa. Ya tsaya a kan layin farko ya gyara tsayuwa, ya buɗe ƙafafu, ya yi bisimilla. Na ga ya riƙe numfashi, kafaɗunsa sun fara yin ƙasa. Na toshe bakina da gefen zane.

"Ajiye, Malam."

Nomau ne a kan turba, da sandarsa. A bayansa ga Kande, ga sauran matan gidansa da surukansa mata da 'ya'yansa maza, kowa da fartanya, domin su a wurinsu mata na noma kamar maza. Ba wanda ya gayyace su. Gayyarsu daban, tamu daban, haka ake tun kakanni.

"Nomau, wannan maganar gida ce," in ji Yaya Haruna.

"Na sani. Amma in ya yi saran nan, a kan ƙyaure za ku mayar da shi ɗaki, kuma bana ba zai ƙara zuwa masallacinku da ƙafarsa ba."

Ya ɗaga taguwarsa. Wani tsohon saƙi ne ya naɗe ƙugunsa tam, ya ci fata har ya yi shaida.

"Rannan na tsaya na ga tashinsa har ƙarshe. Mai ƙarya hannu yake kai wa baya, yana nishi don a ji. Wannan numfashi ya riƙe, yana waige kada a gani. Haka nake tashi kowace safiya tun ɗana na fari yana goye. Ni ma an yi mini waƙar raggo a wurin shan giya, kuma 'yan'uwana ne suka yi ta."

Yaya Haruna ya ce, "Al'ada dai mai gona ke farawa."

"To ya fara mana." Nomau ya zare fartanyar daga hannun Malam, ya nuna wata 'yar harƙiya da bakin sandarsa. "Ture wannan da ƙafa."

Malam ya sa babban yatsa ya ture ta, ta tuge da 'yar ƙasarta.

"Ga shi ya fara. Kande, bi shi."

Kande ta tofa yawu a tafi ta sunkuya, sauran suka jeru. Ƙarar fartanyoyi ta tashi a gonarmu, na kifa goshina a kan danga na yi kuka.

Nomau ya ja Malam gindin ɗorawa, ya ninke mangalar jaki ya ajiye. "Kwanta a bayanka, ka ɗora ƙafa a nan."

"A ce ana nome mini gona ina kwance?"

"In kai kaɗai ne abin zai yi maka nauyi. Matsa." Ya juya gefe, ya dafa ƙasa, ya kwanta kusa da shi, ya ɗora nasa ƙafafun. Maza biyu ga su nan a miƙe, ƙafafu a sama, mata na noma. Malam ya rufe fuska da hula. Na ji Nomau na ce masa kada ya damu, sun san gayyar Musulmi ba giya, sun sha tasu tun a gida.

Yaya Haruna ya daɗe a tsaye. Daga nan ya kama layi kusa da Kande ya sunkuya, bai ƙara ɗaga kai ba. Labari ya kai gindin durumi cewa matan Maguzawa na nome gonar Malam. Sai ga su suna zuwa ɗai-ɗai, kowa na kallon ƙasa, ba mai gaisawa da ƙarfi. Mai ganga ne ya zo ƙarshe, ya rasa kirarin wa zai yi.

Da rana ta take Kande ta shigo ɗaukar fura, jikinta duk ƙasa. Ta dubi yaran, ta buɗe akushi ta yanko musu tuwo ba ta tambayi kowa ba. Sannan ta dubi cikina, ta dubi turmi. "Ke kaɗai kika daka wannan duka? To naki bayan na nan tafe, yarinya." Maganarta kuwa ba ta faɗi ƙasa ba.

Hadarin nan ya yi ta gurnani bai zubo ba sai bayan la'asar, lokacin rana ta riga ta kashe ciyawa. Akussa suka dawo a siɗe. Makonnin da suka biyo baya mun sha wuya, tafasa safe tafasa dare, marka na zuba, ɗaki na yoyo, har ran da na gasa masarar farko tun ba ta gama ƙosawa ba. Amma gona ta yi. Bayan Malam bai taɓa komawa daidai ba. Wata shekara ya yi noma, wata ya kasa, a zaune ya yi sallolinsa na ƙarshe, kuma har ya koma ga Allah akwai masu ganin ya cika son jiki. Yaya Haruna bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne, sai dai bai sake ambaton buta ba. Duk ranar kasuwar Bakori, in Nomau zai wuce, yakan tsaya a zaurenmu su kwanta su ɗora ƙafafu su yi hira.

Duk wannan ya dawo mini shekaranjiya ina jin muciyar Rabi na tsayawa. Na juya gefe, na dafa ƙasa, na bi bango na fito. Ba su gan ni ba. Nasiru na zaune yana latsa waya. Rabi ta zo tashi daga kujera 'yar tsuguno za ta ƙaro gari. Ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta riƙe numfashi, ta saci kallon mijinta ko yana ganinta.

Na je na zare muciyar daga hannunta na miƙa wa Nasiru.

"Inna, me zan yi da wannan?"

"Ubanka ma an duba ba a ga komai ba. Kai da bayanka ke lafiya, tuƙa. Kada ka bari ya yi gudaji."

Ya dubi fuskata, ya tsuguna ya kama tuƙi. Na ja Rabi zuwa ɗakina, na matsa mata a tabarma, muka kwanta a jere. Ta ɗora ƙafa ɗaya a kan buhu, tana jin nauyina. Can a hankali ta ce, "Inna, ke kin yarda ke nan?"

"Na ga tashinki," na ce mata. "Ɗora ɗayar."